Wa Ya Fara Hana Likita Barci?

A kusan kowane asibitin koyarwa, daga Zariya har Ibadan, akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a bakin ƙofa ba. Ƙaramin likita zai shigo aiki da safe, ya wuni, ya kwana a tsaye, gari ya waye masa a nan, sannan ya bi bayan babban likita zagayen duba marasa lafiya, wato rawun, tamkar yanzu ya fito daga gida. Mu ma'aikatan jinya muna da canji: masu safe su miƙa wa masu yamma, masu yamma su miƙa wa masu dare. Shi kuwa sai mu yi canji uku a kansa yana cikin rigar jiya. Duk tsawon aikina ban ji wanda ya tsaya ya tambayi dalili ba. Manya suna cewa haka suka taras, haka aka yi musu, kuma da haka ake zama likita. Sai da na ajiye aiki na sami sararin karatu, na gano ashe tsarin nan a sigar da muka san shi bai cika shekara 140 ba. An san garin da aka kafa shi, an san mutumin da ya fi kowa hannu a ciki, kuma shi kansa mara lafiya ne da ya ɓoye ciwonsa har ya bar duniya.

Sunansa William Halsted, an haife shi a New York ta Amurka a 1852, ɗan masu hali. Ya gama karatun likita a 1877, ya tafi Turai ya yi shekara biyu yana kallon yadda manyan likitocin tiyata na Jamus da Ostiriya suke aiki, ya dawo gida a 1880. Saurayi ne mai kuzari da saurin hannu da ƙarfin hali. A 1881 ya tarar da 'yar'uwarsa ta haihu jini ya ɓalle mata, ya ɗebi jinin jikinsa ya ƙara mata, tun ba a san jini yana da rukuni-rukuni ba, kuma ta tashi. Shekara ta zagayo, ya yi wa mahaifiyarsa aikin maɗaciya cikin dare a kan tebur a gida, ya fitar mata da tsakuwa. Ɗalibai suna rububin darasinsa, asibitoci da dama a birnin suna neman sa a lokaci guda.

A 1884 wani matashin likitan ido a Vienna, Carl Koller, ya nuna cewa idan aka ɗiga ruwan koken a ido, sai idon ya mutu na ɗan lokaci, a yi aiki a kansa mutum yana farke bai ji zafi ba. Hodar iblis ɗin nan dai da ake kama mutane da ita a filin jirgi, a lokacin magani ce da kowa zai iya saye a kanti, ba wanda ya san sharrinta. Halsted ya yi tunanin in ta kashe ido, za ta kashe jijiya ma. Shi da abokan aikinsa da wasu ɗalibai suka shiga yi wa kansu allurarta a jijiyoyi, suna gwada inda zai mutu da tsawon lokacin da zai ɗauka. Abin da suka gano gaskiya ne, kuma har yau da shi ake aiki: duk wanda likitan haƙori ya taɓa yi wa allura a dasashi kafin a cire masa haƙori, ya ci albarkacin wannan gwaji. Amma su masu gwajin ba su fita lafiya ba. Da yawansu sun kamu, wasu rayuwarsu ta lalace gaba ɗaya. Maƙalar da Halsted ya buga kan koken a 1885 tana nan, jimlolinta a harɗe, duk wanda ya karanta ya san mai rubutun ba ya cikin hayyacinsa.

Amininsa William Welch ne ya tsaya masa. Ya ɗauke shi doguwar tafiya a jirgin ruwa ko zai manta da abin, ba a dace ba. A 1886 aka kwantar da shi a asibitin Butler, asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a garin Providence, ya yi watanni. Maganin da aka san ana yi wa mai shan koken a zamanin shi ne a ba shi mofin. Ya shiga da jaraba ɗaya, ya fito da biyu. Welch bai yar da shi ba, ya jawo shi Baltimore inda ake shirin buɗe sabon asibitin Johns Hopkins, wanda aka buɗe a 1889. Da fari riƙon ƙwarya aka ba shi na sashen tiyata, don masu asibitin sun ji ƙishin-ƙishin, daga baya aka tabbatar masa da kujerar.

Mutumin da ya iso Baltimore ba shi ne na New York ba. Ya zama shiru-shiru, mai gudun mutane, mai baƙar magana in ya buɗe baki. Hannunsa ma ya sauya: maimakon sauri, sai natsuwa. Ya riƙa ɗaure kowace 'yar jijiyar jini, yana taɓa nama a hankali, yana ɗinki da siririn zaren siliki, aikin da wani zai gama cikin awa ɗaya shi ya kai huɗu. Marasa lafiyarsa kuma suka riƙa tashi. Aikin ƙaba, aikin maƙoƙo, aikin sankarar mama, duk ya bar tambarinsa a kansu. Ni kam a matsayina na nas akwai abin da nake gode masa da shi dabam. Shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin tiyatarsa, Caroline Hampton, ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake tsoma hannu a ciki ya cinye mata fata har tana shirin barin aiki. Sai ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata siririyar safar hannu ta roba. Daga nan safar ta bazu a ɗakunan tiyata. Ya aure ta a 1890. Abin lura, don ceton hannun ma'aikaciya aka kawo safar nan, amfanin da ta yi wa majinyaci daga baya aka gane shi.

To, a wannan asibiti ne shi da William Osler, shugaban sashen cututtukan ciki, suka kafa tsarin horar da likitoci bayan kammala makaranta, suna kwaikwayon abin da suka gani a Jamus. Kwanan ƙananan likitoci a asibiti ba sabon abu ba ne, a Faris ana yi tun 1802. Sabon abu shi ne tsawon shekarun da hawa-hawan da aka yi wa aikin. Likita zai tare a cikin ginin asibitin, nan ɗakinsa, nan abincinsa, dare da rana ana iya tashinsa. Albashi ɗan abin da ba a rasa ba, aure kuwa ba a so ya yi. A sashen Halsted za a ɗebi matasa da yawa a ƙasa, kowace shekara a zubar da wasu, har ya rage mutum ɗaya tal a sama, kuma ba ranar gamawa sai ran da maigida ya ce ka isa. Wanda ya kai ƙarshe yakan share kusan shekara takwas. Cikin shekara talatin da 'yan kai mutum 17 kacal suka kai wannan matsayi a hannunsa. Amma su ne suka watsu suka zama shugabannin sassan tiyata a jami'o'in Amurka, cikinsu har da Harvey Cushing, uban tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma galibinsu inda suka je suka shuka irin abin da aka yi musu.

Halsted ya rasu a 1922 ana ganin ya rabu da jarabarsa tun tuni. Sai a 1969, shekara 50 bayan rasuwar Osler, aka fito da abin da Osler ɗin ya rubuta a wani ɗan littafi mai kwaɗo ya ce a ɓoye. A ciki ya ba da labarin ranar da ya ga Halsted yana makyarkyata, ya gane har yanzu yana kan mofin, kuma Halsted ya shaida masa cewa ya kasa rage abin da yake sha ƙasa da kimanin miligiram 200 a rana. Don mai karatu ya gane yawan wannan: mutumin da aka fito da shi daga tiyata yana ihun ciwo, miligiram 10 muke zuƙa a sirinji, mu rubuta a littafi, mu biyu mu sa hannu, a mayar da makullin akwatin. Wannan bawan Allah yana shan ninkin haka kusan sau ashirin, ya wanke hannu ya shiga ya yanka mutum.

Daga nan ne abubuwan da yaransa suka daɗe suna mamaki suka fito fili. Yakan makara, yakan fasa zuwa, yakan bar aiki a tsakiya ya ce mataimakinsa ya ƙarasa. Duk shekara in zafi ya shigo yakan ɓace na watanni. Wa ke riƙe da sashen in ba ya nan? Babban yaronsa, shi kuma ya danna nauyin a kan na ƙasa da shi, har abin ya sauka kan sabon shiga da ba shi da wanda zai miƙa wa. Wasu masu binciken tarihin likitanci suna ganin hawa-hawan nan ya yi wa Halsted rana wajen rufa masa asiri, kuma na yarda da su.

Amma akwai masu saurin yanke hukunci da ke cewa wai koken ce ta hana shi barci, shi ya sa ya ɗora wa duniya rashin barci. Labarin yana da daɗin faɗa, sai dai bai cika ba. Osler ba ya shan komai, kuma shi ma yaransa a asibiti suke kwana. Abin da ake mantawa shi ne yadda ɗakin marasa lafiya yake a 1890. Ba maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko allura, ba insulin, ba na'urar da ke kuka a kan gado, ba ɗakin gobe-da-nisa mai injin numfashi. Mai taifod zai yi makonni a kwance, aikin likita ya duba, ya rubuta, ya jira. Likitan da ke zaune a asibiti yana samun barci, yana samun lokacin karatu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magunguna da na'urori suka yawaita, aka koma sallamar mutum da ya ɗan farfaɗo a kwantar da wanda ya fi shi jin jiki a gadon. Dare ya zama kamar rana. Aikin ya ninka, awannin ba su ragu ba. Dalilin da ya sa ba su ragu ba kuma ba ɓoyayye ba ne: asibiti ba ta da ma'aikaci mai araha kamar likita mai neman ƙwarewa. Ba ya ƙorafi, don takardar shaidarsa tana hannun wanda zai kai wa ƙarar.

Mu ta hannun Ingila abin ya fara iso mana. Can aka wajabta wa sabon likita shekara guda ta aiki a asibiti kafin a ba shi cikakkiyar rajista, daga 1953. Asibitin koyarwa na Ibadan da aka buɗe a 1957 da tsarin Landan ya tashi, makarantar likitanci ta Zariya ta biyo baya a 1967, sannan a 1979 aka kafa kwalejin ƙasa mai ba da shaidar ƙwarewa. Malamanmu na farko, wasu a Ingila suka koyo, wasu a Amurka, suka haɗo mana gadon gida biyu. Abin da ba su taho da shi ba shi ne yawan hannu.

Wani dare da ba na mantawa, a ɗakin maza, ana gab da kiran assalatu. Ƙaramin likitan da ke kol, wato aikin kwana, ya zauna a teburinmu zai rubuta magani, barci ɓarawo ya sace shi, goshinsa a kan fayil, biro a hannu. Na leƙa takardar. Layin farko rubutu ne tsaf, na biyu ya fara karkata, na uku wani dogon zane ne kawai da ya gangara har gefen takarda. Sai ga wani magidanci da ke jinyar mahaifinsa ya taho a fusace.

"Sista, ku dubi ikon Allah! Baba na can numfashi na gagararsa, likita na nan yana sharar barci!"

Na ce, "Yi haƙuri ɗana, je ka, ga mu nan. Yaron nan tun safiyar jiya bai zauna ba sai yanzu."

Na taɓa kafaɗarsa. Ya zabura, idanu jawur, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Mama, wane gado?" Muka je, ya duba tsohon, na ga abin ya fi ƙarfinsa. Na ja shi gefe na ce, "Likita, ka kira oga mana." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mama, in na tashe shi yanzu ya zo ya ga ba wani abu ba ne, gobe a rawun a gaban ɗalibai zai wanke ni." Ni na ɗauki wayar na kira. Tsohon ya kwana, Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Mu tsofaffin nas muna da wata ɗabi'a da ba a koyar da ita a makaranta: duk maganin da aka rubuta bayan ƙarfe biyun dare sai mun karanta wa likitan da ƙarfi, suna da adadi da lambar gado, ya ji da kunnensa ya ce e. Ba raini ba ne, jiki da jini ne.

Tun 1971 wasu likitoci a New York suka gwada abin a kimiyyance. Suka ba ƙananan likitoci takardar awon bugun zuciya su karanta, sau ɗaya bayan sun yi barci, sau ɗaya bayan sun kwana aiki. Kurakuran marasa barcin sun kusa ninkawa. Aka buga a babbar mujalla, aka karanta, aka ci gaba da yadda ake yi. Sai da aka rasa rai, kuma ran 'yar wanda ke da baki.

Daren 4 ga Maris 1984 aka kai wata ɗaliba mai shekara 18, Libby Zion, asibitin New York da zazzaɓi da fizge-fizge. Tana shan wani maganin ciwon damuwa mai suna fenelzin. Likitoci biyu suka duba ta, ɗaya a shekararta ta farko, ɗaya a ta biyu. Babban likitan iyalin ta waya aka yi magana da shi, bai zo ba. Aka yi mata allurar fetidin don ta lafa, alhali fetidin da fenelzin ba sa haɗuwa a jiki ɗaya. Ƙaramar likitar ta wuce wurin sauran marasa lafiya, kusan 40 ne a wuyanta a daren, na gaba da ita ya tafi ya kwanta. Yarinya ta ƙara birkicewa. Ma'aikatan jinya suka kira, aka ba su umarni ta waya cewa a ɗaure ta a gado a ƙara mata wata allurar. Ba likitan da ya dawo ya dube ta. Wajen ƙarfe shida da rabi na safe aka auna zafin jikinta, ya kai kusan digiri 42. Kafin ƙarfe takwas ta cika.

Wurin ɗaurin nan ne ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya yi aikin dare ya san yadda gajiya take sauya ido. Majinyacin da ke fizge-fizge da ƙarfe goma na safe, tambaya ake yi me ke damunsa. Shi ɗin dai da ƙarfe huɗu na dare, sai a ce yana damun mutane. Ciwon bai sauya ba, mai dubawa ne tausayinsa ya ƙare tare da ƙarfinsa.

Mahaifinta, Sidney Zion, lauya ne kuma ɗan jarida, ya san ƙofar da ake bugawa. Ya hana birnin sakat. Masu taimaka wa kotu da aka ɗora wa binciken a 1986 ba su tuhumi likitocin da laifin kisa ba, tsarin suka tuhuma. Jihar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Bertrand Bell, kuma a 1989 New York ta zama jiha ta farko da ta sa doka: kada likita mai neman ƙwarewa ya wuce awa 80 a mako, kada ya wuce awa 24 a jere. A lura, awa 80 ce aka kira sauƙi, ninki biyu na makon ma'aikacin ofis. Amma rahoton yana da wani ɓangare da jaridu ba su damu da shi ba, wanda ya ce dole a sami gogaggen likita a cikin asibiti ko da yaushe. Bell ya rayu yana ƙorafin cewa kowa ya kama zancen awanni, an bar zancen sa ido, alhali shi ne ya fi muhimmanci a wurinsa. A nan ina bayansa ɗari bisa ɗari. Gajiyayyen yaro da babba ke tsaye kusa da shi, kuskurensa ana tare shi. Wanda ya ƙoshi da barci amma aka bar shi shi kaɗai da abin da bai taɓa gani ba, sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da ya biyo baya ja-in-ja ne. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 ido biyu, hannunsa da hankalinsa suna daidai da na wanda ya sha giyar da doka ta hana shi tuƙi. Ba mai hankalin da zai shiga motar direban da ya ce masa jiya bai runtsa ba, amma muna miƙa wa irinsa cikinmu ya yanka. A 2003 aka shimfiɗa dokar awa 80 a duk Amurka. A 2004 masu bincike a Boston suka tarar ƙananan likitocin da ke doguwar kwana a ɗakin kulawa ta musamman sun fi takwarorinsu manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100, a 2005 kuma aka ga haɗarin mota a hanyar komawa gida bayan irin wannan kwana ya haura ninki biyu. A 2011 aka rage wa 'yan shekarar farko zuwa awa 16 a jere. Sai wani babban gwaji a sassan tiyata da aka buga a 2016 ya nuna ba a sami bambancin mace-mace tsakanin masu dogon aiki da masu gajere ba, a 2017 aka mayar da awa 24. Masu son tsohon tsari suka yi ta murna. Ni ban ga abin murna ba. An rage awa ba a rage aiki ba, ba a ƙaro mutane ba, yaro ya koma cusa aikin awa 30 cikin 16, majinyaci kuma ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, a kowace miƙawa wani bayani yana zubewa. Turai ta bi wata hanyar, ta sauko da ƙananan likitoci zuwa awa 48 a mako daga 2009, bayan kotunta ta yanke cewa zaman kol a cikin asibiti aiki ne ko da mutum ya sami ɗan gyangyaɗi.

Akwai wani gado da Halsted ya bari, wanda ba dokar awanni da ta taɓa shi: likita ba ya ciwo, in ma ya yi, ya rufe bakinsa. A 2015 aka tattara bincike-bincike daga ƙasashe da dama, aka tarar kusan kashi 29 cikin 100 na likitoci masu neman ƙwarewa suna da ciwon damuwa ko alamunsa. Kafin nan, a 2008, an bi sawun irin waɗannan likitoci a asibitocin yara uku a Amurka, aka ga masu ciwon damuwa suna kuskuren rubuta magani kusan ninki shida na sauran. Wato ciwon da ke zuciyar likita yana ƙarewa a cikin sirinjin da za a yi wa ɗanka. Kuskure kuma in ya faru, shi ma yana ƙara wa likitan damuwa, abin ya yi ta zagayawa. A Afrilun 2020, tsakiyar annobar korona, Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibitin New York, ta kashe kanta. Danginta sun ce babban tsoronta shi ne in aka ji ta nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa, za ta rasa lasisinta. Sai a 2022 aka sa hannu kan dokar da ke ɗauke da sunanta don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Rantsuwar likitoci ta duniya ma, wadda aka rubuta a Janeba a 1948, sai a 2017 aka ƙara mata alkawarin cewa likita zai kula da lafiyar kansa. A wurinmu kuwa na ga likitoci da nas da suka faɗa allurar fentazosin, kowa a sashen ya sani, ana ƙus-ƙus, ana ɓoye makulli, ba mai cewa zo mu kai ka a duba ka. Sai ran da abin ya fashe a kore shi, ko a yi jana'izarsa a ce gajeriyar rashin lafiya.

Shi ma na kan gado ba barcin yake samu ba, kuma wannan tsohuwar magana ce. Tun 1859 Florence Nightingale ta gargaɗi masu jinya a kan hayaniya da tashin mara lafiya daga barcinsa na fari. Yau fitila a kunne har safe, a tashe shi awon jini, a tashe shi allura, a tashe shi da asuba a ɗebi jini don sakamako ya fito kafin rawun ɗin oga. Jadawalin asibiti don sauƙin manya aka tsara shi, majinyaci da ƙaramin likita su ne masu biyan kuɗin da barcinsu. A wurinmu akwai na ukunsu, mai jinya da ke kwance a tabarma a baranda, wanda ke sayo magani, ya kai jini awo, ya zubar da fo, ga sauro ga tunanin kuɗi. Mutum uku marasa barci ke haɗuwa a kan gado ɗaya da tsakar dare. In ka ji an zagi nas ko an mari likita, galibi a irin wannan lokacin ne.

A Maris 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 55,000 ne suka rage a Najeriya, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Duk wanda ya tafi, kol ɗinsa ba ya bin sa Ingila ko Saudiyya, a kan na gida ake raba shi. Don haka ko gobe aka kwafo dokar New York aka manna a bango, in ba a ɗauki mutane an biya su abin da zai zaunar da su ba, takarda ce kawai. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Shugabannin asibitoci su wajabta wa babban likita kwana a cikin asibiti ran da yake kol, su hana wulaƙanta yaron da ya tashe shi, su sallami wanda ya kwana aiki ya tafi gida da safe, su buɗe wa ma'aikacin da ke fama da damuwa ko ƙwaya hanyar neman magani ba tare da ya rasa aikinsa ba. Kai kuma mai karatu, in ka kai naka asibiti cikin dare ka ga hankalinka bai kwanta ba, kada ka ɓata lokaci wajen faɗa da yaron da ke gabanka. Tambaye shi cikin ladabi wane babban likita ne ke kol a daren, ka roƙi a kira shi. Haƙƙinka ne.